Jirgin Yaya Mai Fanka Goma Sha Ɗaya

Yayana bai taɓa hawa jirgin sama yana tafiya ba. Na fara da wannan ne don kada wani ya ji ana kiransa Kyaftin ya ɗauka wani abu ne. Abin da ya faru shi ne, a zamanin samartakarsa ya yi wata huɗu yana sharar cikin jirage a filin jirgin sama, yana zaro ledoji daga aljihun kujeru, har ranar da aka same shi zaune a kujerar matuƙi yana 'yan danne-danne, aka ce ya ajiye tsintsiya ya tafi gida. Ya tafi, amma ya taho da wata hula mai baki da wani ya manta, da kuma labarin da ya ishe shi shekara talatin.

Sana'arsa ta gaskiya gyaran fanka ce, kuma a nan ba ni da abin cewa. Fankar da ta mutu ta shekara a ƙarƙashin gado, in ta shiga hannunsa sai ka ga ta tashi tana juya kai dama da hagu kamar mai gaida jama'a. Ni ƙanensa ne, mai walda. Shagona na manne da nasa, kuma tun muna yara ban iya ce masa a'a ba. Wannan shi ne ciwon da na fi daɗewa da shi a duniya.

Abin ya faro ne ranar Talata a shagon mai aski. Ƙarshen zafi ne, irin kwanakin da hadari kan haɗu da yamma ya yi ta hararar mutane sannan ya watse. Jirgi ya wuce ta sama, mai aski ya ɗaga kai da almakashi a hannu ya ce shi dai har yau bai gane yadda ƙarfe mai nauyin gida guda yake tsayawa a iska ba. Da ya san abin da zai jawo, da ya ci gaba da askinsa.

"Fanka ce," in ji Yaya, ya gyara zama. "Jirgi ba komai ba ne illa fanka da kujeru. Sauran tarkacen duk don ya yi kwarjini aka ƙara."

Wanda ake wa aski a lokacin Ticha ne, tsohon malamin kimiyya da ya yi ritaya, mutumin da ba ya iya jin kuskure ya bar shi ya wuce ko da rabin haɓarsa na cikin kumfa.

"Kyaftin," ya ce, "abu huɗu ne ke kokawa a kan jirgi. Inji yana jefa iska baya, shi kuma jirgin ya yi gaba. Turi ke nan. Iskar da yake ratsawa tana tirje masa, tana riƙe shi. Nauyinsa yana jan shi ƙasa. Fiffike kuma, in iska ta bi ta jikinsa da gudu, yana karkatar da ita ƙasa, ita kuma ta ɗaga shi sama. In ɗagawa ta fi nauyi, ya tashi. In ba ta fi ba, mota ce mai faɗi."

"Ticha, ka taɓa shiga ɗakin matuƙi?"

"Ban taɓa ba."

"To ni na shiga."

"Da tsintsiya," in ji mai aski. A hankali ya faɗa, amma har mai burodi da ke tsaye a bakin ƙofa ya ji.

Aka yi dariya, ba ma sosai ba. Yaya ya miƙe, ya ɗora hular nan a kansa, ya nuna ƙarshen layinmu inda tankin ruwa yake tsaye a kan ƙafafun ƙarfe. Ya ce ranar Asabar da ƙarfe huɗu na yamma jirginsa zai tashi daga ƙofar shagonsa ya tsallake tankin nan, kuma duk mai shanya a saman gida ya kwashe tun da wuri. Daga nan ya juyo ya ce mini, "Kai, tashi mu je." Na tashi.

Gangar jikin ba ta ba mu wahala ba. Na haɗa bututun ƙarfe na dasa a kan tayoyin keke uku, muka ɗaure kujerar roba a tsakiya. Fankoki kuwa suna nan birjik a shagon Yaya, don lokacin zafi ne, kowa ya kawo tasa. Ya zaɓi goma masu tsayuwa, ya haɗa da ƙatuwar fankar mai burodi, wadda in aka kunna ta sai an riƙe takardu. Na ce, "Yaya, na mutane ne fa." Ya ce duk fankar da aka gyara sai an gwada ta, kuma babu dokar da ta ce ga inda za a yi gwajin.

Fiffike ne ya tsaya mana. Da farko ƙyauren shagonsa ya sa aka ɓalle, mu huɗu muka kinkimo shi muna nishi. Ticha ya zo wucewa da sandarsa, ya tsaya ya duba.

"Wannan fiffike ne ko gada?"

"Ticha, muna aiki."

"Fiffike faɗi yake so ba nauyi ba. Kuma a ɗan ɗaga bakinsa na gaba, yadda iska za ta samu abin da za ta tura ƙasa."

Yaya bai ko dube shi ba. Sai da Ticha ya sha kwana sannan Yaya ya kama haɓa ya ce mini, "Ka san wani tunani da ya zo mini? Fiffike faɗi yake so ba nauyi ba." Ya ɗaga kai yana bin rufin gidajen layi da kallo ɗaya bayan ɗaya, har idonsa ya tsaya a kan nasa.

A tsakar gidan Yaya akwai wani ɗan ɗaki mai kwanon rufi shida, babu silin. Nan ne ɗakin ɗinkin matarsa, wadda nake kira Anti. A ciki akwai keken ɗinki baƙi mai zanen ruwan zinariya, na mahaifiyarta ne, da shi ta shigo gidan. Keken nan ne ya kai 'ya'yansu huɗu makaranta a shekarun da Yaya ke fama da manyan tunani. Kullum da safe sai ta ɗiga masa mai ta goge shi kafin ta sa wani abu a bakinta. A duk layin ita kaɗai ce ba ta taɓa kiran Yaya Kyaftin ba. Malam take ce masa, kuma yadda take faɗin kalmar kan nuna maka yanayin gidan a ranar.

Ranar Alhamis ta fita sayen zare, mu kuma muka hau da guduma. Kafin ta dawo kwano shida na jingine a bayan shagona. Ina ɓoye a bayan ƙofa lokacin da ta shigo. Ta ajiye jaka, ta zauna a gaban keke, ta zura zare a allura karo ɗaya, abin da ta shekara ba ta yi ba sai da tabarau. Ta dubi allurar. Sannan ta ɗaga kai.

"Malam."

"Na'am."

"Ina rufina?"

"Aro na yi. Asabar da yamma zai dawo, kuma zai dawo da tarihi."

Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da hankalina ya fi kwanciya. Ta ce abu biyu ne. Na ɗaya, kada a huda mata kwano ko da hudar allura, yadda aka cire shi haka za a mayar. Na biyu kuma, ta ɗora tafin hannunta a kan keken.

"Shekara talatin da ɗaya ina gidan nan. Na ga injin ƙyanƙyasar ƙwai, na ga famfon da zai jawo ruwa da kansa, ban ce komai ba. Amma ranar da ɗigon ruwan sama ɗaya ya taɓa keken nan, zan kira ƙanena ya zo da mota, ni da keken mu bar maka gidan da sararin samaniyarka."

Na leƙo na ce ko mu matsar da keken falo kafin Asabar, ko a rufa masa leda.

"Kai mai walda, ashe kana nan. Keken nan ba zai matsa ba, rufin ne zai dawo. Kuma ba zan rufe shi ba, don ba ni na buɗe shi ba."

Na san da gaske take, don Anti ba ta iya barazana ba, abin da za ta yi kawai take faɗa. Na dubi Yaya. Amma sai ya gyara hula ya ce ai hadarin bana tsoro kawai yake ba mutane, shi ya san sama.

Saboda sharaɗin Anti, ba mu huda komai ba. Na yi firam na siririn bututu, muka ɗaure kwanukan a kai da waya ta tsofaffin ramukan ƙusa. Shi kuma fiffiken gaba ɗaya, Yaya ya hana ni in yi masa walda a jikin jirgin. Ya ce a ɗaure da igiyar shanya, yadda da ya sauka za mu kwance mu mayar kafin a farga. Na ce igiyar ta tsufa. Ya ce ni ma na tsufa amma ga shi ana amfani da ni.

Ranar Juma'a masu fanka suka fara sintiri. Mai kitso ta zo sau biyu, ta ce kwana uku ke nan tana fifita da murfin tukunya. Yaya ya ce mata matsalar fankarta ta fi yadda ya zata zurfi, sai an kai ta sama an duba.

Asabar tun ƙarfe uku layi ya cika. Ticha ya zo da kujerarsa da ɗan littafi. Mai aski ya rufe aiki ya zauna a kan benci. Can gabas hadari ya haɗu baƙi ƙirin, ni kaɗai nake ta waiwayensa. Muka turo jirgin, fiffikensa ya kusa cike faɗin layin, fankoki goma sha ɗaya jere a bayan kujera, dukkansu sun zuba wa ƙeyar matuƙi ido. Tun a shago na tambaye shi ko haka ya dace su kalla.

"Shekara talatin ina gyaran fanka," ya ce, "ka taɓa ganin na juya wa mutum bayan fanka? Fanka mutum take kallo. Kuma iska in za ta tura ka, ai ta baya take zuwa."

Da Ticha ya ga jerin sai ya ɗaga hannu kamar ɗalibi. "Kyaftin, in suka hura iska gaba, to jirgin..."

"Ticha, a bari sai mun sauka a yi tambayoyi."

Yaya ya hau, ya ɗaure cikinsa da ɗamarar wando, ya ɗaga mini babban yatsa. Na jona wayar a soket ɗin shagona. Fankoki goma sha ɗaya suka tashi lokaci guda, kowacce tana juya kai dama da hagu, don Yaya ya rantse fankar da ba ta juya kai ba ta gyaru ba. Rigarsa ta kumbura. Ya dafe hula. Sai ga jirgi ya motsa.

Baya ya yi. A hankali, da 'yar rangaji, kamar tsohuwar agwagwa. Yaya na kallon gaba, ya ga jama'ar da ke gabansa suna ƙara nisa, sai fuskarsa ta washe.

"Kun fara ƙanƙancewa!" ya yi ihu. "Haka ake ganin mutane daga sama!"

Babu wanda ya samu zuciyar gaya masa. Jama'ar baya suka dare, jirgin ya gangara ya shige shagon mai aski da baya, fiffiken ya tokare a bakin ƙofa, fankoki suka tashi gashin da aka share tun safe ya cika ɗakin. Na zare waya. Mai aski ya leƙa ta ƙarƙashin fiffike, ya tofar da gashi, ya ce, "Aski ko gyaran fuska?"

Yaya ya kwance ɗamara ya sauko ba tare da ya canza fuska ba. "Kowane jirgi da baya yake fara fita. Duk wanda ya taɓa zuwa filin jirgi ya san wannan. Yanzu za mu sa giyar gaba."

Giyar gaba ita ce ni da sifana, ina juya fankoki ɗaya bayan ɗaya su kalli baya kamar yadda Ticha ya so faɗa. A nan ne masu su suka samu damar ganin fuskokinsu da kyau.

"Tsaya," in ji mai burodi. "Waccan babbar ba tawa ba ce da ka ce koyil ɗinta ya ƙone?"

"Ka ga alamar ƙuna a jikinta yanzu?"

"A'a."

"To ka gode wa Allah."

Mai kitso ta gane tata ta wurin tsumman da ta ɗaura a wuyanta. Ta ce in fankar nan ta tsallake tanki ba ta dawo ba, Kyaftin ne zai riƙa zuwa yana yi mata fifita har damina ta kankama. Yaya ya ce a rubuta.

Karo na biyu jirgin ya yi gaba, kuma ba zan ɓoye ba, sai da na ji wani abu a ƙirjina. Ya yi gaba da gaske. Matsalar ita ce fankokin na juya kai, in suka kalli hagu jirgin ya nufi kwata, in suka kalli dama ya nufi teburin mai kanti. Gudunsa kuma bai kai na mai zuwa gaisuwar surukai ba. Ticha ya tashi ya jera da shi yana dogara sanda.

"Ka ji yadda iska ke dafe maka ƙirji? Tirjiya ke nan. Ga rigarka, ga kujera, ga fankokin kansu, duk riƙe ka suke yi. Turin da kake da shi bai fi na tura baro ba, fiffiken nan kuwa sai iska ta bi ta kansa da gudun mota kafin ya san ana yi."

"Ticha, ka matsa, za ka shiga inji."

Ticha bai matsa ba, wuce shi ya yi, ya tsaya a gaba yana jira. Daidai ƙofar mai burodi sai muka ji ɓas. Filogi ya fita daga soket, ya biyo jirgin yana tsalle a ƙasa. Fankoki suka yi ta rage gudu har suka tsaya, kowacce ta kalli inda ta ga dama. Tsawon wayar taku arba'in ne. Tanki kuwa yana can gaba, ko rabi ba a yi ba.

"Kyaftin," in ji mai aski, "da ka tashi, da wace wayar za ka tsallake tankin?"

"A sama waya miƙewa take yi."

Na matsa kusa da shi na ce, "Yaya, dubi gabas. Mu kwance mu mayar da rufin nan, an ga ƙoƙari." Wallahi roƙonsa nake yi. Ya dubi hadarin, ya dubi jama'a, ya dubi mai aski da ke murmushi. Ya ce saura gwaji ɗaya.

Gwajin shi ne janareto. Mai burodi ya ce zai ba da aron nasa, ba don yana son jirgin ya tashi ba, sai don yana son ganin ƙarshen abin. Muka juya jirgin ya ba tanki baya don a mayar da shi wurin farawa, sannan mu huɗu muka ɗauko janareton muka ɗora a bayan kujera. Yaya ya ce ba sai an tura ba, da ƙarfinsa zai koma. Ya hau ya zauna.

Tayoyin baya suka yi wata 'yar ƙara, suka buɗe a hankali kamar ƙafafun ɗan akuyar da aka haifa yanzu, suka kwanta. Bayan jirgin ya zauna daɓas a ƙasa, gabansa ya ɗaga, Yaya ya koma yana kallon sama da gwiwoyinsa a kusa da kunne.

"Nauyi ke nan," in ji Ticha, ya rubuta wani abu a littafinsa. Sannan ya ɗan karkata kai yana duban fiffiken, wanda yanzu bakinsa na gaba ya ɗagu sosai. "Amma ka ga yanzu fiffiken ya zauna daidai. Iska kawai ya rasa."

Bai rufe baki ba ta iso. Irin iskar nan ce ta gaban hadari, wadda ke zuwa ba sallama. Ta shigo ta bakin layi, ta kwashe ledoji da hular mai kanti, ta kifar da bencin mai aski, ta daki jirgin ta gaba. Kwanukan suka yi wata irin kuka. Na ga fiffiken ya yi rawa, ya ɗaga, igiyar shanya ta miƙe. Har ƙafar gaba ta bar ƙasa da kamar taƙi ɗaya. Sai igiyar ta tsinke.

Fiffiken ya tashi. Ban san yadda zan faɗa ya fi haka ba. Kwano shida a kan firam ɗin da na yi da hannuna, ya hau sama a miƙe, bai karkata ba, ya wuce saman wayoyin wuta, ya tafi da baya kamar yadda jirgin ya saba, ya tsallake tankin ruwa da tazarar da mota za ta wuce a tsakani. Can ya yi wani juyi mai kyau, ya sauka a ƙololuwar wata doguwar bishiya a bayan makaranta, inda babu tsanin da zai kai.

 Yaya na kwance a kujerar roba, ɗaure da ɗamarar wando, fankokin mutane na kewaye da shi, yana kallon inda abin ya bi. Hawaye na gani a idonsa. Ni ma sai da na share nawa, don na san shekarun da ya yi yana ɗaga kai duk lokacin da jirgi ya wuce, kuma na san babu wanda ya taɓa ce masa zo ka hau.

"Ya tashi," ya ce a hankali.

Ticha ya cire tabarau ya goge. "Fiffiken ya tashi. Ɗagawa ke nan, ban taɓa ganin wadda ta kai ta kyau ba. Kai kuma ka tsaya a ɓangaren nauyi."

"Alkawari dai kai za ka tsallake," in ji mai aski.

"Jirgina na ce. Akwai shaidu."

"Rabin jirginka."

"Rabin da ke tashi!" Yaya ya kwance ɗamara, ya mirgino ya miƙe, ya hau kan janareto don kowa ya gan shi. "Jama'a, abin da kuka gani yau, shekara talatin ina gaya muku. Wasu a nan sun karanta a littafi, wasu kuma almakashi kawai suka sani. Amma ni, tun ranar da na zauna a kujerar..."

Ɗas. Ɗigo ɗaya, a kan bakin hularsa. Duk mun ji shi.

Ya tsaya da baki buɗe. Ya dubi sama, ya dubi bishiyar da rufin ke kai, ya dubi gidansa. Ban taɓa ganin Yaya yana gudu ba sai ranar, kuma a duk abin da ya yi tafiya a ƙasa a layin nan ranar Asabar, babu wanda ya kai shi sauri. Da ya zo daidai shagona bai tsaya ba, ya fizge tamfol ɗin da nake rufe injin waldata da shi ya wuce. Injin ya sha ruwa har sai da ya yi sati biyu ba ya aiki, amma wannan ba a taɓa tayar da maganarsa ba, don ni ƙane ne.

Masu fanka suka yi kan kayansu, kowa ya rungumi tasa ya nufi gida. Ni na bi Yaya.

A bakin ɗakin ɗinki na ga akwatin Anti, a ɗaure, mayafinta a ninke a kai. Ashe ta ga wucewar rufinta ta saman gida, ta shiga ta haɗa kaya, ta dawo ta zauna. Tana kan keke tana ɗinka wuyan wata riga, ƙafarta na takawa ba sauri ba jinkiri. Yaya kuwa ya haye bencin da ke bayanta, ya yafa tamfol a kansa da gadon bayansa, ya kama gefe da gefe ya ware hannuwa iya tsawonsu, ya sunkuya a kanta ita da keken. Ko daƙiƙa biyar bai yi da tsayawa ba aka sako ruwan kamar da bokiti.

Na tsaya a bakin ƙofa ina jiƙewa, don babu wurin mutum na uku. Ruwa na dukan tamfol yana gangarowa ta hannuwansa biyu, yana zuba a ƙasa nesa da keke.  Hular ta zame daga kansa ta faɗi cikin ruwa, ta yi iyo ta fita ta ƙofa ta tsakanin ƙafafuna, bai ko bi ta da ido ba.  Ƙarar ruwa kawai da ƙarar keke.

Da Anti ta kai ƙarshen ɗinkin, ta yanke zare da haƙori. Ta sa yatsa ɗaya ta shafa kan keken tun daga allura har zuwa tayar da ake juya shi da ita, ta ɗaga yatsan ta duba. Ni da Yaya muka zuba wa yatsan ido. Ta murza shi da babban yatsa, ta sake dubawa. Sannan ta jawo wata rigar ta sa a ƙarƙashin allura.

"Kai mai walda, ka tsaya kana kallo akwatina na jiƙewa? Shigar da shi ɗaka."

Na shigar da shi da gudu, har ina tuntuɓe. Da na dawo Yaya ya leƙo da ido ɗaya ta ƙarƙashin tamfol, ruwa na ɗiga daga gemunsa, ya yi ƙasa da murya.

"Ka ga tashinsa?"

"Na gani, Yaya."

"Ya tsallake tankin?"

"Ya tsallake."

Ya lumshe ido, hannunsa ɗaya ya ɗan yi ƙasa don gajiya. Anti ba ta ɗaga kai daga ɗinkinta ba.

"Kyaftin," ta ce, "ɗaga fiffiken hagu, zai ɗiga."

Ya ɗaga.